Likita ya ce a fara ba ɗanmu maganin rashin natsuwa, ni da mahaifinsa mun kasa daidaitawa

Mahaifiyar Ɗan Aji Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da muke ciki, musamman iyaye da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya.

Ɗanmu na biyu yana da shekara 8, kuma yana aji uku na firamare. Tun yana ƙarami muka san shi da ƙiriniya, amma muka ɗauka yarinta ce kawai, zai bari idan ya ƙara wayo. Sai dai tun da ya shiga aji biyu koke-koken malamai ba su yanke ba: ba ya zama a kujerarsa, yana amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba, yana fara aiki ya yar da shi a tsakiya, fensiri da littafi kuwa da wuya su yi mako a hannunsa bai ɓatar ba. A gida, jingar da yayarsa take gamawa cikin minti 20 lokacin da take ajinsu, shi sai ta ci masa awa biyu, kuma ba ta ƙarewa sai da hawaye, ko nasa ko nawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron yana da kai, domin idan aka zauna da shi shi kaɗai nan take yake gane abu. Kwanakin baya ya ce mini da bakinsa wai shi mugun yaro ne, shi ya sa ba wanda yake son zama kusa da shi a aji.

Mun kai shi wurin likitan yara, wanda ya gan shi sau uku, ya ba mu takardun tambayoyi muka cike, ya aika wa malamarsa da nata ita ma ta cike. Daga ƙarshe ya ce yaron yana da larurar rashin natsuwa da yawan motsi wadda likitoci suke kira ADHD, kuma ya ba da shawarar a gwada masa maganin da ake kira metilfenidet, wanda aka fi sani da sunan Ritalin.

A nan ne muka rabu da mahaifinsa. Shi ya ce ba zai yarda a ɗora masa yaro a kan ƙwaya ba, tunda likitan da kansa ya faɗa mana cewa magani ne da hukuma take sa wa ido saboda ana shan sa ba bisa ƙa'ida ba. Ya kuma ji an ce yana hana yaro cin abinci har ya tauye masa girma. Hujjarsa ta uku ita ce shi ma haka yake yana yaro, ba wanda ya ba shi magani, kuma ga shi ya zama mutum. Ni kuwa da nake tare da yaron safe da yamma, ina ganin yadda yake ta sarewa da kansa, kuma ina tsoron mu tsaya jira har ya tsani makaranta.

Tambayoyina su ne: shin maganin nan yana sa jaraba? Yana canja halin yaro? Idan aka fara, shi ke nan har abada? Kuma ta yaya maganin da aka ce yana zaburar da ƙwaƙwalwa zai kwantar da yaron da dama zaburarren ne?

Baban 'Yan Mata ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba yaron lafiya. Na karanta bayaninki sau biyu, domin shekara uku da suka wuce ni ne a matsayin maigidanki, kuma kusan kalmomin da ya faɗa su na faɗa wa mai ɗakina.

Tamu 'yar ba ta da ƙiriniya ko kaɗan. Ita nata nau'in na shiru ne: tana zaune a aji kamar tana saurare, alhali hankalinta ya yi nisa, shi ya sa aka daɗe ba a gane ba, ana ta ce mata malalaciya. Da aka kawo maganar magani na ƙi, na riƙe ƙin nan kusan shekara guda. Abin da ya sassauto da ni wata magana ce da likitar ta yi, cewa ba alkawarin shekaru take nema daga gare mu ba, gwajin 'yan makonni take nema, domin maganin nan yana fara aiki cikin kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, na gajeren zango yana sakin jiki bayan awa 3 zuwa 4, kuma ranar da aka daina bayarwa yarinyar za ta koma yadda take. Ta ce mu rubuta abu uku da muke son mu ga sun canja kafin a ba ta ƙwaya ko ɗaya. Muka rubuta: ta riƙa kwafe abin da aka rubuta a allo har ƙarshe, ta gama jinga cikin ƙasa da awa ɗaya, ta daina dawowa gida ba ta san aikin da aka ba su ba. Wannan takardar ta yi mana rana ƙwarai, saboda ta raba mu da gardamar "ni ina ganin ta canja", "ni ban ga komai ba".

An fara mata da mafi ƙanƙantar awo, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako har aka kai inda ya dace da ita. Ba zan ɓoye miki wahalar ba. Watanni biyun farko abincin rana yakan dawo daga makaranta kusan yadda aka zuba shi, ta rame har kakarta ta yi magana. Da yamma kuma, idan ƙarfin maganin ya fara sauka, takan yi kamar rabin awa tana fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Dabarar da aka koya mana ita ce ta ci ta ƙoshi da safe kafin ta sha, a kuma bar mata ƙofa a buɗe da dare idan yunwa ta dawo, domin lallai tana dawowa. Daga baya aka mayar da ita kan na dogon zango wanda ake sha sau ɗaya da safe, sai fushin yamman ya ragu sosai.

Biyu daga cikin abubuwa ukun nan sun gyaru tun a wata na farko. Amma ki ji abin da ban yi tsammani ba: karatunta bai tashi sama kwatsam ba. Shekaru biyun da ta yi hankalinta ba ya aji sun bar mata giɓi a karatu da lissafi, kuma maganin bai cike shi ba, sai da muka zauna muka koya mata abin da ya wuce ta. Maganin ya sa tana iya zama a koya mata, koyarwar kuwa tana nan a wuyanmu.

Game da maigidanki, ina roƙon kada ki fara ba yaron komai a ɓoye, domin ranar da ya gane, duk ciwon kan da yaron zai yi maganin za a ɗora wa. Ki lallashe shi ya je wurin likitan da ƙafarsa ya yi tambayoyinsa. Sannan maganarsa cewa shi ma haka yake yana yaro tana iya zama gaskiya fiye da yadda yake zato, tunda larurar tana bin jini sosai. Ni kaina sai da na ga takardar tambayoyin 'yata na gane dalilin da ya sa na sha bulala a makaranta fiye da kowa a ajinmu. Na zama mutum, amma na san abin da na biya kafin na zama.

Malamar Firamare ta amsa:

'Yar uwa, sannu da ƙoƙari. Ni shekarata 16 ina koyar da ƙananan azuzuwa, kuma na ga yaran da maganin nan ya fitar daga ƙangi, na ga kuma waɗanda tun farko ba shi suke buƙata ba. Don haka kafin ki kai ga tambayar a sha ko kada a sha, ina so ki tabbata an rufe wasu ƙofofi.

Ta farko, a cikin ajinsu shi babba ne ko ƙarami? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tsakanin yaron da ya fi kowa girma a aji da wanda ya fi kowa ƙanƙanta ana iya samun kusan shekara guda, kuma shekara guda a wurin ɗan shekara 6 ko 7 tazara ce mai yawa wajen iya zama wuri ɗaya. A 2018 an buga wani bincike da aka yi a Amurka a kan yara sama da 400,000, inda aka duba jihohin da suke yanke shekarun shiga makaranta a ranar 1 ga Satumba. Yaran da aka haifa a watan Agusta, waɗanda su ne ƙananan aji, sun fi waɗanda aka haifa a Satumba samun wannan shaida ta ADHD da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ba wani abu ne ya bambanta ƙwaƙwalwarsu ba illa an auna su da yayyensu.

Ta biyu, an gwada jinsa da ganinsa? Na taɓa samun yaro da muka yi zango biyu muna fama da shi a kan rashin saurare, ashe kunnensa ɗaya ne ba ya ji sosai, kuma ni da kaina na zaunar da shi a gefen da bai dace ba. Haka nan barci: yaron da yake munshari da dare yana shaƙewa saboda kumburin naman maƙogwaro, ko wanda yake kwana da waya a hannu, da rana ba gyangyaɗi za ki ga yana yi ba, tsalle-tsalle za ki gani. Ƙarancin jini, da wahalar karatu ta musamman wadda take sa haruffa su riƙa rikice wa yaro, da damuwa ko tsoron wani a makaranta, duk suna iya yin kama da wannan larura, kuma suna iya zuwa tare da ita.

Idan duk an duba waɗannan, to ki tambayi malamarsa abin da aka riga aka gwada a aji. A dawo da shi gaba kusa da ita, nesa da taga da ƙofa. A riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya. A yanka masa aiki gunduwa-gunduwa, ya kawo a duba kowane kashi kafin ya ɗauki na gaba. A riƙa aiken sa goge allo ko raba littattafai, domin motsin da zai yi ko an so ko ba a so ya zama mai amfani. A kuma yaba masa nan take idan ya yi daidai, tunda irin waɗannan yara suna jin faɗa sau goma kafin su ji yabo sau ɗaya.

Ba ina cewa waɗannan za su maye gurbin magani ga kowane yaro ba. Akwai wanda za ki yi masa duk wannan, ki ga yana ƙoƙari da dukan ƙarfinsa amma hankalin yana zille masa, kuma wannan hana shi magani zalunci ne a ganina. Abin da ba na so shi ne makaranta ta matsa wa iyaye don aji ya yi shiru. Shirun aji ba shi ne ma'aunin lafiyar ɗanki ba.

Mai Harhaɗa Magunguna ya amsa:

Hajiya, barka da haƙuri. Abin da Malama ta lissafa daidai ne, kuma likita mai kyau ba zai ji haushi ba idan kika tambaye shi ko ya duba su. Zan ɗauki tambayoyinki ta fuskar maganin kansa, amma wanda ya ga yaron shi ne mai hukunci.

Bari na fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce take rikita mutane. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ne yake riƙe wa mutum linzami: ya sa shi ya dakata kafin ya yi magana, ya tsaya a kan aiki ɗaya, ya kau da kai daga abin da yake jan hankalinsa. Jijiyoyin wannan sashe suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai, musamman dofamin da noradrenalin. Metilfenidet yana hana jijiya ta yi saurin janye waɗannan sinadarai bayan ta sake su, sai saƙon ya ƙara ƙarfi. Ke nan abin da ake zaburarwa shi ne mai riƙe da linzamin, shi ya sa dokin yake natsuwa. Ba maganin barci ba ne kuma ba ya kashe jiki. Idan aka ga yaro ya yi zugum kamar an zare masa rai, wannan alama ce cewa awon ya yi masa yawa ko maganin bai karɓe shi ba, sai a koma wurin likita.

Kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1937 wani likita mai suna Charles Bradley a jihar Rhode Island ta Amurka ya lura cewa amfetamin, wanda shi ma maganin zaburar da ƙwaƙwalwa ne, yana gyara halin wasu yara da ƙwazonsu a aji. Metilfenidet kuwa an haɗa shi a 1944 a kamfanin CIBA na ƙasar Siwizalan, kuma sunan Ritalin daga sunan matar masanin da ya haɗa shi aka samo. A kan kowane magani guda daga cikin waɗannan, kusan yara 7 cikin 10 suna samun sauƙi a bayyane, wanda bai karɓi ɗaya ba kuma sau da yawa yakan karɓi ɗayan.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne wanda ake kira MTA, da aka buga sakamakonsa a 1999. An raba yara 579 masu shekara 7 zuwa 9 gida huɗu na tsawon wata 14: masu shan magani ƙarƙashin kulawa ta kusa, masu samun horon ɗabi'a a gida da makaranta, masu haɗa biyun, da masu bin kulawar da aka saba. A ainihin alamomin larurar, gidajen da suka sha magani da kulawa ta kusa ne suka fi samun sauƙi. Sai dai da aka ci gaba da bibiyar yaran, bayan shekara 3 bambancin ya dushe, kuma bayan shekara 8 ba a iya rarrabe su ba. Masana suna jayayya a kan ma'anar wannan, domin bayan wata 14 kowa ya kama gabansa, wasu suka daina sha, wasu suka fara. Abin da nake ɗauka daga ciki shi ne amfanin maganin a watanni da shekarun farko tabbatacce ne, amma ba wanda ya isa ya yi miki alkawarin cewa shi zai gyara makomar yaro. Ya kamata ki kuma san cewa masu bitar bincike na Cochrane, wata ƙungiyar masana da take tace hujjojin harkar lafiya, a 2015 sun tattara gwaje-gwaje 185, suka ce akwai alamar amfani amma ingancin hujjar yana da rauni, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi shigar da metilfenidet cikin jerin muhimman magunguna a 2019 da 2021 saboda irin wannan dalili. Likitoci da yawa ba su yarda da wannan hukunci ba. Na kawo shi ne don ki san cewa shakkar maigidanki ba ta jahilci ba ce.

Maganar jaraba tana da fuska biyu. Gaskiya ne maganin yana cikin waɗanda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, saboda idan aka sha shi da yawa, ko aka niƙa aka shaƙa, yana bugarwa kuma yana kama mutum. Amma ƙaramin awo da aka haɗiya yana hawa ƙwaƙwalwa ne a hankali, ba ya ba da wannan buguwar. Manyan binciken da suka bi yara har girmansu ba su sami cewa waɗanda aka ba magani sun fi waɗanda ba a ba ba faɗawa shaye-shaye ba, ita kanta larurar ce take ƙara wannan haɗari, a sha magani ko kada a sha. A wurin aikina abin da nake gani shi ne iyaye suna fama da yara a kan mantuwa da shan maganin, ba a kan neman ƙari ba. Haɗarin da ya fi kusa shi ne wani a gida ko a makaranta ya ɗauka, don haka a kulle shi, babba ya riƙa bayarwa da hannunsa, a kuma riƙa ƙirga ƙwayoyin.

Batun girma kuwa maigidanki yana da gaskiya a wani ɓangare. Rage cin abinci shi ne illar da ta fi yawa, sai wahalar yin barci, da ciwon kai ko ciwon ciki a makonnin farko. A yaran da suka daɗe suna sha ba tsayawa, an ga ragin tsawo na kusan santimita 1 zuwa 2 a matsakaici. Saboda haka ne ƙa'idar 2018 ta NICE, hukumar da take tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a riƙa auna nauyin yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa duk wata 3, tsawonsa duk wata 6, a duba bugun zuciya da hawan jini kafin da bayan kowane canjin awo, sannan a zauna aƙalla sau ɗaya a shekara a duba ko har yanzu ana buƙatar maganin. Wannan ya amsa tambayarki ta har abada: ana dakatarwa a gani, wasu suna bari, wasu suna ci gaba har girma. Ita wannan ƙa'idar ta ce ga yaro ɗan shekara 5 zuwa sama a fara gyara yanayin gida da aji, idan matsalar ta ci gaba da cutar da shi sannan a kawo magani. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma a 2019 ta ce ga 'yan shekara 6 zuwa 12 a haɗa magani da horar da iyaye dabarun tarbiyya.

Abu ɗaya da ba na so ki manta: ki faɗa wa likita idan yaron ya taɓa suma yana wasa, ko yana kukan ciwon ƙirji, ko an haife shi da ciwon zuciya, ko kuma a danginku na kusa an taɓa yin wanda ya mutu farat ɗaya bai kai shekara 40 ba. A irin wannan hali sai likitan zuciya ya gan shi tukuna.

Uwar Samari ta amsa:

Yaya, ina gaishe ki. Na ga Baban 'Yan Mata ya kira abin gwajin 'yan makonni, kuma ban ƙaryata shi ba, amma ina so ki ji daga wadda gwajin bai yi wa daɗi ba.

Ɗana yana da shekara 9 lokacin da muka fara. A makaranta kowa ya yaba, har malaminsa ya kira ni yana murna. A gida kuwa yaron da ba ya rufe baki sai ya koma ba ya dariya, barci ba ya ɗaukarsa sai tsakar dare, sannan a mako na huɗu ya fara ƙifta ido da fizgar kafaɗa ba da sonsa ba. Likita ya ce irin wannan fizga tana yawan zuwa wa yara masu larurar ko ba magani, kuma tana iya wucewa, ya rage awo, amma shirun bai tafi ba. Wata rana na tambaye shi yadda yake ji, sai ya ce aiki ya yi masa sauƙi amma wasa ya daina yi masa daɗi. A mako na shida muka tsaya da sanin likita. Wahalar da ba a faɗa mini ba ita ce tsayawar, domin da makaranta ta ɗanɗani shirunsa, sai aka riƙa kallona kamar uwar da ta hana ɗanta lafiya.

Bayan wata huɗu aka gwada masa atomoksetin, wanda ba ya cikin masu zaburarwa. Shi ba ya aiki nan take, sai da muka yi fiye da wata guda kafin mu ga canji, kuma canjin bai kai na farko ƙarfi ba, amma ɗana ya ci gaba da zama ɗana. A kansa muke har yanzu, tare da darussan da na halarta na koyon tafiyar da irin waɗannan yara, waɗanda na shiga ina raina su, na fito na gane cewa rabin faɗan gidanmu daga yadda nake ba da umarni yake tasowa.

Don haka idan za ki rubuta abubuwan da kike son su gyaru, ki rubuta a gefe abubuwan da ba za ki yarda a rasa ba. Kuma ki riƙa tambayar yaron. Ɗan shekara 8 ya isa ya faɗa miki yadda yake ji a jikinsa.

Mahaifiyar Ɗan Aji Uku ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta wa mahaifinsa amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. Bai ce ya yarda ba, amma ya yi shiru mai tsawo a wurin da Baban 'Yan Mata ya yi maganar bulala, kuma da safe shi ya ce na nemo mana ranar ganin likita mu je tare.

Malama, na duba: yana tsakiyar aji ne a shekaru, ba ya cikin ƙanana. An gwada idonsa, amma ban tuna an gwada kunnensa ba, kuma yana munshari wasu dararen, abin da ban taɓa kawowa a raina cewa yana da alaƙa da wannan ba. Za mu fara da waɗannan biyun. Malamarsa ta yarda ta dawo da shi gaba daga ranar Litinin, kuma mun ba kanmu makonni shida. Idan ba a ga canji ba, mahaifinsa ya ce zai amince da gwaji na wata ɗaya, da sharaɗin shi zai riƙe maganin kuma shi zai riƙa ɗora yaron a sikeli. Na ce na ji na gani.

Tambaya ɗaya ta rage ga Malam Mai Harhaɗa Magunguna: idan aka fara, za a iya ba shi a ranakun makaranta kawai, a bar shi ya huta a ƙarshen mako da lokacin hutu?

Mai Harhaɗa Magunguna ya amsa:

Hajiya, da metilfenidet ana iya yin haka, kuma likitoci suna ba da wannan shawarar musamman idan nauyin yaro ya tsaya ko tsawonsa ya ja baya, domin a ranakun hutun cin abincinsa yana dawowa. Sai dai ya danganta da inda matsalar take. Idan a aji kawai take cutar da shi, hutun yana da ma'ana. Idan kuwa garajensa yana sa shi faɗawa titi ba dubawa, ko yana raba shi da abokan wasa, to ranar da babu makaranta ma yana da buƙata. A makonnin farko da ake neman awon da ya dace, ya fi kyau ya sha kullum don ku ga aikinsa da idonku a gida, ku kuma ga illarsa, tunda idan ranakun makaranta kawai yake sha, malama ce za ta ga amfanin, ku kuma ku ga fushin yamma kaɗai. Atomoksetin da Uwar Samari ta ambata shi ba a yi masa tsallake, kullum ake shan sa. Ku yi wa likitan wannan tambayar ranar da za ku je, kuma ku tafi da bayanin munsharin: dare nawa a mako yake yi, kuma ko numfashinsa yana ɗaukewa ya dawo.